Yadda ake ɗaura naitiros a injin mota a zafin Yamai

Naitiros, wanda masana kimiyya ke rubutawa N2O, gas ne marar launi da likitocin haƙori suka fara amfani da shi wajen kashe zafi tun 1844, daga baya Jamusawa suka riƙa ɗura shi a injinan jiragen yaƙinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin su sami ƙarfi a can sama inda iska ba ta da kauri. Masu tseren mota na Amurka ne suka mayar da shi kayan kasuwa, kuma kamfanin NOS da aka kafa a 1978 ya yi sunan da har yau mutane da yawa ke kiran kowace irin tukunyar naitiros da sunansa, ko da ta Nitrous Express ce ko ta ZEX. Duk waɗannan kamfanoni suna haɗo kayansu da takardar bayani, kuma wajibi ne a bi ta. Sai dai an rubuta takardun ne domin ƙasashen da zafinsu bai kai namu ba, esansinsu kuma sananne ne, don haka mai mota a Yamai yana da aiki biyu: ya bi takarda, ya kuma cike gurbin da ta bari game da zafi da ingancin esansi. Wannan jagora ta shafi mota mai amfani da esansi wadda ke da injekta, irin Toyota da Mercedes da ke shigo mana ta Kwatano da Lome, kuma an rubuta ta domin motar da za a gudu da ita a killataccen fili, ba a titin da ƴan kabu-kabu da amalanke da ƴan makaranta ke bi ba.

Abin da gas ɗin ke yi a cikin silinda

Naitiros ba ya kamawa da wuta da kansa, kuma ba shi ne ke ba inji ƙarfi kai tsaye ba. Idan zafin cikin silinda ya kai kimanin digiri 300, gas ɗin yakan rabu zuwa naitirojin da oksijin. A ma'aunin nauyi, oksijin ɗin da ke cikin naitiros ya kai kashi 36 cikin ɗari, alhali na iskar da muke shaƙa kashi 23 ne. Wannan ƙarin oksijin ne ke ba inji damar ƙone esansi fiye da yadda ya saba, kuma daga ƙarin esansin ne ƙarfin ke fitowa. Akwai riba ta biyu: naitiros ruwa ne a cikin tukunya, kuma yana tafasa ya zama iska a digiri 88 ƙasa da sifili, saboda haka da ya fito daga nozul, wato bakin da ke fesa shi cikin iskar inji, sai ya sanyaya iskar da inji ke zuƙa, iskar ta ƙara nauyi, silinda ya ɗauki mai yawa.

Daga nan ne kowace doka ta wannan aiki ta samo asali. Idan oksijin ya ƙaru esansi bai ƙaru daidai da shi ba, wutar cikin silinda takan yi zafin da ke narkar da kan fistan cikin ƴan daƙiƙu. Idan kuma esansin ba ya jure matsi, ko tartsatsin buji ya zo da wuri, cakudar takan fashe da kanta maimakon ta ƙone a jere, ta karya zobban fistan ko ta ƙona gasket. Yawancin injinan da ake cewa naitiros ya kashe, ƙarancin esansi ne ya kashe su ko rashin jinkirta tartsatsi.

Kafin a sayi komai

Tambayar farko ita ce inda za a riƙa cika tukunya. Ana aiko kayan ne da tukunya wayam, domin ba a ɗaukar cikakkiya a jirgi kamar sauran kaya, kuma wanda bai tabbatar da mai sayar masa da gas ba ya sayi kayan ado ne kawai. Naitiros na mota ana zuba masa ɗan sinadarin farar wuta, kimanin kashi 100 cikin miliyan, domin a hana mutane shaƙarsa. Shaƙarsa kuwa tana lalata jijiyoyi ta hanyar kashe aikin bitamin B12 a jiki, tana kuma iya sumar da mutum ko ta kashe shi saboda rashin iska. Na asibiti kayan majinyata ne, ba a karkatar da shi zuwa garaji. Abin da ya fi kowane haɗari shi ne wani ya ce tun da oksijin ake nema, a kai tukunyar wurin masu walda su cika ta da nasu. Tsantsar oksijin ba ya jiran zafin silinda kafin ya fara aiki, yana iya tayar da wuta tun a cikin tiyo idan ya haɗu da ɗigon mai, kuma babu injin mota da zai jure shi.

Tambaya ta biyu lafiyar injin ce. A cire buji duka a auna matsin kowane silinda da geji, kuma kada bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A duba ko injin yana shan baƙin mai, domin man da ke shiga silinda yana rage wa esansi juriya, ya jawo fashewar da ake gudu. Wannan batu ya shafi motocinmu sosai: tsofaffin injinan 1ZZ-FE na Corolla da 2AZ-FE na Camry an san da yawansu da shan mai idan sun tsufa, kuma motar da ta yi shekaru a Turai ko Amurka kafin ta iso nan ba a yarda da lambar kilomita da ke kan allonta. Injin da ke hayaƙi, ko yake zafi a cunkoson gadar Kennedy da rana, gyara yake bukata tukuna. Haka ma kuloci mai zamewa, da birki, da tayoyin da rana ta tsattsage.

Sai zaɓen yawan ƙarfin da za a ƙara. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, masu ƙera kayan sukan ba da shawarar ƙarfin doki 40 zuwa 60 ga mai silinda huɗu, 75 zuwa 100 ga mai shida, kimanin 125 ga V8 mai silinda takwas. A ganina mai mota a Yamai ya tsaya a ƙasan kowane ma'auni, ya kuma fara da jet mafi ƙanƙanta da ke cikin kwalin, jet kuwa ɗan ƙarfe ne mai rami da ke ƙayyade yawan gas ko esansin da ke wucewa. Wanda yake son fiye da haka sai ya buɗe inji ya sa fistan da sanduna na tsere, wannan kuwa wani aiki ne dabam.

Tsarin iri biyu ne a taƙaice. Busasshen tsari naitiros kaɗai yake fesawa, ya bar wa injekta da kwamfutar mota aikin ƙara esansi. Jiƙaƙƙen tsari yana fesa naitiros da esansi tare ta nozul ɗaya, kowanne da jet ɗinsa. Akwai kuma wanda ake huda wa kowane silinda nozul nasa, na manyan motocin tsere. Na fi ba da shawarar jiƙaƙƙe mai nozul ɗaya, domin makanike yana ganin hanyar esansin da idonsa, yana iya auna ta, bai dogara da tsofaffin injekta da ƙura da gurɓataccen esansi suka daɗe suna toshewa ba. Shi za a bi a nan.

Gyara hanyar esansi

Wannan mataki ya riga ɗaura tukunya, kuma shi ya fi cancantar kuɗi da lokaci. A sauke tanki a wanke shi idan motar ta daɗe tana shan esansin ƴan ruwa-ruwa, a sauya filta, a sa a wanke injekta a gwada feshinsu. Bayan haka a ɗaura geji a layin esansi a ga abin da famfo ke bayarwa. Yawancin motoci masu injekta irin waɗanda ake magana a kansu a nan suna aiki da matsin kusan bar 3, amma abin lura ba lambar da geji ya nuna mota tana tsaye ba ne. A ɗaure gejin inda mutum na biyu zai gan shi, a taka totur har ƙasa a giya ta uku, a ga ko allurar ta tsaya cak ko tana sauka yayin da juyin inji ke hawa. Idan ta sauka tun ba a ƙara komai ba, famfon ya gaji. Ƙarin doki 50 yana neman ƙarin esansi kimanin lita 15 zuwa 20 a awa a kan abin da injin ke sha da ma, kuma famfo irin Walbro mai lita 255 a awa ya wadatar da ƙaramar mota da rara.

Game da esansin kansa, teburin jet na kamfanonin Amurka ya ginu ne a kan esansi mai oktan, wato lambar jure matsi, 91 zuwa 93 a ma'auninsu, wanda ya yi daidai da 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai da muke gani a littattafan motocin Faransa. Mai mota ya sayi esansinsa a gidan mai guda wanda ya amince da shi, ya tambayi lambar oktan ɗinsa, idan kuma ya gaza wannan ma'auni, ya rage jet ya ƙara jinkirin tartsatsi. Esansin kwalba na bakin hanya ba ya shiga motar da ke da naitiros, domin ba a san abin da aka gauraya masa ba, ba a kuma san kwanakin da ya yi a rana ba.

Ɗaura tukunya

A cire wayar batir ta ƙasa kafin a taɓa komai. Tukunyar da aka fi sani tana ɗaukar kilo 4.5 na gas, kuma cikakkiya tana kaiwa kimanin kilo 11, nauyin da zai iya kashe mutum idan ya tsinke a lokacin haɗari. Wurinta but ne, nesa da salansa da hasken rana. A cikinta akwai siririn bututu da ya tashi daga bawul ya lanƙwasa zuwa gindinta, aikinsa ɗebo ruwan naitiros maimakon iskar da ke sama. Domin bakin bututun ya kasance cikin ruwa lokacin da mota ta zabura ruwan ya koma baya, ana kwantar da tukunya bawul yana fuskantar gaban mota, a ɗaga gefen bawul kimanin digiri 15 sama da gindin, takardar da ke manne a jikinta tana kallon sama. Maɗauran da ke zuwa cikin kwali ɗaya ya fi ɗaya tsawo saboda wannan, dogon shi ne na wajen bawul.

Kafin a huda ƙasan but, a shiga ƙarƙashin mota a ga abin da ke wurin, domin tankin esansi da layin birki da wayoyi sukan bi ta nan. A ɗaure maɗauran da kusoshi masu ƙarfi waɗanda suka ratsa ƙarfen motar, a sa musu faffaɗan wasa ta ƙasa. Sukurorin da ake murɗawa cikin kwano ba su isa ba, musamman a hanyoyinmu na jar ƙasa masu girgiza mota dare da rana. A jikin bawul akwai wani ɗan faifai na tsaro wanda aka yi shi ya fashe idan matsi ya kai kimanin psi 3,000, wato sama da bar 200, ya saki gas ɗin duka kafin tukunyar ta tsage. A haɗa masa bututun ƙarfe da zai fitar da gas ɗin waje ta ƙasan mota. A motar da but ɗinta ke haɗe da wurin zama, wannan bututu ba a sasanta shi, domin kilo huɗu na gas a rufaffiyar mota zai rufe wa direba ido da farin hazo, ya kuma hana shi numfashi.

Zafi da matsin tukunya

A nan ne takardar kamfani ta fi barinmu a baya. Matsin da ke cikin tukunya ba ya nuna yawan gas ɗin da ya rage, zafin tukunyar yake nunawa. A digiri 15, irin sanyin asubar Janairu lokacin hunturu, matsin yana kusan bar 45. A digiri 20 yana kusan bar 50, a digiri 30 kuma kusan bar 63. An lissafa jet ɗin ne domin matsi tsakanin psi 900 da 950, wato bar 62 zuwa 65, abin da ake samu idan tukunya tana kusan digiri 29 zuwa 30. Shi ya sa masu tsere a Turai da Amurka ke sayen bargon lantarki na ɗumama tukunya, takardunsu kuma suka cika da maganarsa.

Mu matsalarmu akasin haka ce a mafi yawan shekara. Naitiros yana da wata iyaka a digiri 36.4, inda matsinsa ke kaiwa bar 72. Da zafi ya haura wannan iyaka, gas ɗin ya daina zama ruwa a ƙasa da iska a sama, ya koma abu ɗaya mai cika tukunya, kuma a cikakkiyar tukunya matsin yakan hau da sauri da kowane ƙarin digiri. A Afrilu da Mayu zafin inuwa a Yamai yana wuce digiri 40 kusan kullum, a Tawa ma haka, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana haura 60. Abu uku ke biyo baya. Yawan gas ɗin da ke ratsa jet ba ya zama daidai da lissafin tebur, alhali esansi yana nan yadda yake. Solenoyid, wato bawulolin lantarki da ke buɗe wa gas da esansi hanya, da yawansu suna kasa buɗewa idan matsi ya wuce kimanin psi 1,100. Sannan tukunyar da aka cika fiye da ƙima tana iya fasa faifan tsaro mota tana ajiye. Masu ƙera tukwanen suna gargaɗin kada zafinsu ya wuce kimanin digiri 54.

Saboda haka geji a kan tukunya wajibi ne, kuma ya fi kyau a sa na biyu inda direba ke gani. Idan allura ta haura psi 1,000, ba a harbawa. A buɗe but a inuwa, a lulluɓe tukunyar da jiƙaƙƙen tawul ko a ɗora mata ledar ƙanƙara, a jira allurar ta sauko. A lokacin bazara, gudu na safe ne ko na bayan faɗuwar rana, kuma ranar da ba za a yi gudu ba a kwance tukunyar a ajiye ta a ɗaki mai iska. Idan kuma sanyin hunturu ya sauke matsin, ruwan ɗumi ko bargon da aka yi domin aikin ya isa. Ba a kusantar tukunya da wutar walda ko garwashi ko da sau ɗaya, domin alminiyon da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa har abada ko da ido bai ga komai ba.

Jan tiyo da sa nozul

Tiyon naitiros mai saƙar ƙarfe ne a waje, kuma shi kaɗai ake amfani da shi. A fitar da shi daga but ta rami mai zoben roba, a bi da shi ƙarƙashin mota kusa da layin esansi na asali, nesa da salansa, da duk abin da ke juyawa, da inda dutse zai buge shi, a ɗaure shi kowane taku biyu. Kada ya taɓa wayar batir mai wuta, domin saƙar ƙarfen tana ɗaukar lantarki. Kafin a haɗa bakinsa na gaba, mutum ɗaya ya riƙe shi da safar hannu mai kauri yana fuskantar da shi nesa da jama'a, wani ya buɗe bawul na daƙiƙa ɗaya domin gas ya kore ƙurar da ta shiga lokacin ja. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe jet ko ta hana solenoyid rufewa, kuma a garajin da ke buɗe ga iskar hunturu, a toshe kowane baki da leda har zuwa lokacin haɗa shi. Ruwan naitiros yana ƙona fata da sanyi nan take, ido kuma sai da tabarau.

Mahaɗan iri biyu ne, kuma makanikai sukan rikita su. Masu zare mai tsukewa, waɗanda ake kira NPT, ana shafa musu ɗan man teflon na ruwa, a bar zare biyu na farko babu komai. Masu bakin mazurari, waɗanda ake kira AN, ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe, ba a shafa musu komai. Farin zaren teflon na masu aikin famfo ba shi da wuri a wannan aiki ko kaɗan, domin yakan yage ya shiga solenoyid. Giris da baƙin mai ma kada su taɓa hanyar naitiros.

Nozul yana zama a jikin tiyon iska, santimita 10 zuwa 15 kafin ƙofar totur, kuma bayan na'urar auna iska, domin feshin esansi yana lalata ta. A cire tiyon iskar daga mota kafin a huda shi, a wanke ɓarɓashin. Bakin nozul ya fuskanci inji, kuma yana da kyau a yi masa alama da fenti ta waje domin a gane idan ya juya. A sa jet biyu bisa teburin kamfanin da ya ƙera kayan, a karanta lambar da ke jikin kowanne da kyau, kada a musanya na esansi da na gas, kada kuma a ari tebur na wani kamfani ko a faɗaɗa ramin jet da allura. Solenoyid biyu a ɗaure su kusa da nozul, nesa da zafin salansa, a lura da alamar shiga da fita a jikinsu. A sa ƙaramin filta kafin na naitiros.

Esansin nozul ana ɗebo shi daga layin da ke kai wa injekta. A mayar da wayar batir na ɗan lokaci, a cire fis ɗin famfo a tayar da mota har ta mutu da kanta domin matsin ya sauka, a sake cire wayar, sannan a kwance. Motocin Amurka da yawa suna da ɗan bawul a kan layin wanda ake haɗawa kai tsaye, Toyota da yawa kuwa ba su da shi, sai an sa mahaɗi mai baki uku na ƙarfe da tiyo mai jure matsin injekta. A nan ne ake ɗaura makunnin tsaro na matsin esansi, wanda ke yanke tsarin duka idan famfo ya yi rauni. Kwalaye masu araha ba sa zuwa da shi, kuma a cikin duk abin da ake saya dabam shi ne na fi ganin bai kamata a bari ba.

Wayoyi

Solenoyid suna jan wuta mai yawa, don haka ba a ba su wuta kai tsaye daga makunni. A ja waya mai kauri daga batir, a sa fis kusa da batir ɗin, a kai ta ƙafa ta 30 a jikin rile mai amfiya 30, daga ƙafa ta 87 kuma a kai wa solenoyid biyun a tare. Ƙafa ta 86 tana karɓar wuta daga makunnin direba, wanda shi ma ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. Ƙafa ta 85 tana zuwa jikin mota, amma sai ta ratsa makunnai uku a jere: na totur, wanda ba ya barin wuta ta wuce sai an taka har ƙasa, da na juyin inji, da na matsin esansi. Idan ɗaya bai yarda ba, babu abin da zai fesa. Motar da totur ɗinta na waya ne ana ɗaura mata ƙaramin makunni a inda hannun totur ke tsayawa, mai totur na lantarki kuwa sai akwatin da ke karanta siginar na'urar totur.

Makunnin juyin inji a saita shi ya bar wuta ta wuce daga juyi 3,000 a minti, ya yanke ta juyi 300 zuwa 500 kafin iyakar da kwamfuta ke yanke inji. Ƙasa da 3,000 injin ba ya zuƙar iska da saurin da zai kwashe cakudar, matsin silinda yakan yi yawa, esansi kuma yakan kwanta a manifol, wato bututun da ke raba iska ga silinda, ya kama wuta ya fasa shi, musamman manifol na roba irin na sababbin motoci. A sama kuma, motoci da yawa esansi suke yankewa idan sun kai iyaka, gas kuwa yana ci gaba da shiga. A haɗa kowace waya da darma ko matsi mai kyau, ban da murɗe waya a naɗe da salatif.

Buji da lokacin tartsatsi

A sa buji mai sanyi da mataki ɗaya ko biyu fiye da na asali, mai gajeren baki, a rage tazarar bakinsa zuwa milimita 0.7 ko 0.8. A NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, a Bosch kuwa akasin haka ne. A guji masu siririn bakin filatinum, a kuma kula da jabu, domin kwali mai kyau ba shaida ba ne. Ƙa'idar tartsatsi ita ce a jinkirta shi digiri 1.5 zuwa 2 a kan kowane doki 50. A tsohuwar mota mai distiribita ana juya ta da fitilar saiti, a sabuwa kuwa sai akwatin jinkiri ko a gyara lissafin kwamfuta. Wasu takardu suna cewa ƙaramin jet ba ya bukatar jinkiri. Wannan magana ce ta ƙasa mai sanyi da esansi mai oktan 98, kuma na'urar jin ƙwanƙwasa da ke jikin inji sai ɓarna ta fara take ji.

Gwaji

Ana gwaji ne daki-daki, tukunya a rufe da farko. A mayar da batir da fis ɗin famfo, a murɗa makulli, a duba yoyon esansi a kowane mahaɗi da busasshen tsumma. A tsallake makunnin juyi na ɗan lokaci, a tayar da inji a riƙe shi kusan juyi 2,500, a taɓa makunnin totur da hannu na rabin daƙiƙa. Ya kamata a ji ƙarar solenoyid, injin kuma ya shaƙe kamar zai mutu, alamar esansi yana isa nozul ke nan. Idan bai shaƙe ba, ba a ci gaba. A mayar da makunnin juyi yadda yake, sannan a buɗe tukunya a hankali inji yana aiki. Idan juyinsa ya ƙaru da kansa, solenoyid na gas yana yoyo, a rufe nan take. A shafa ruwan sabulu a mahaɗai: ƙaramin yoyo kumfa yake tayarwa, babba kuwa farar raɓa mai daskarewa ce ke taruwa a kan ƙarfen ko da rana tsaka. Idan an taɓa zargin gas ya shiga manifol inji yana kashe, kada a tayar. A cire wayoyin kwayil da fis ɗin famfo, a taka totur har ƙasa, a juya inji da sitata na wasu daƙiƙu ya fitar da shi.

Gudun farko a yi shi a killataccen fili mai santsi, da abin kashe gobara a mota, inji ya yi ɗumi, geji yana tsakanin 900 da 950. Idan an sa bawul ɗin kore iska daga tiyon gas, a danna shi har farin hazo mai kauri ya fito, alamar ruwan gas ya iso gaba. A giya ta uku, sama da juyi 3,000, a taka har ƙasa na daƙiƙa uku ko huɗu kawai. Idan an ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko motar ta yi tari, a ɗaga ƙafa nan take. Wanda ya sa gejin auna cakudar iska da esansi a salansa ya nemi lamba tsakanin 11.5 da 12.

Sai a tsaya, a kashe inji ba tare da barinsa yana aiki a tsaye ba, a cire buji duka a jera su bisa silindarsu. Ba a kashe makulli mota tana tafiya, domin sitiyari na iya kullewa, birki kuma ya yi tauri. A duba farin tangaran ɗin kowane buji a hasken rana, da gilashin ƙara girma idan akwai. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙin ƙirin mai kunkunniya yana nuna esansi ya yi yawa, wanda ba shi da haɗari sosai. Fari fat mai ƙuraje yana nuna esansi ya gaza. Ƙananan ɗigo baƙaƙe ko masu ƙyalli alamar fashewa ce, masu ƙyallin kuwa alminiyon fistan ne da ya fara narkewa, kuma idan lanƙwasasshen ƙarfen bakin buji ya zagwanye, a rufe tukunya a sake auna matsin silinda. Buji ɗaya marar kyau ya isa a dakata, domin nozul ɗaya ba ya raba cakuda daidai tsakanin silinda. Sai duka sun fito lafiya a gudu biyu ko uku ake ƙara tsawon harbi, kuma ko an saba, kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda.

Cikawa da ajiya

Ƙarin doki 50 yana cin kimanin giram 180 na gas a daƙiƙa 10, don haka a lissafi tukunya ɗaya tana ba da harbi sama da 20, a aikace kuwa ƙasa da haka, domin korar iska tana ci, matsin kuma yakan faɗi idan gas ya kusa ƙarewa. Da sikeli ake sanin abin da ya rage, da shi kuma ake cikawa. Nauyin tukunya wayam da nauyinta cike suna rubuce a jikinta, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ba a ƙara ko giram ɗari a kan abin da aka rubuta. Ana gwada ƙarfin tukunyar alminiyon da matsin ruwa duk shekara biyar, kwanan gwajin ƙarshe yana buge a wuyanta, wadda kuma ta faɗi ta lotsa ko ta sha wuta an daina amfani da ita. A sanar da kamfanin inshora cewa an sauya motar. Bayan kowane gudu a kashe makunnin direba, a rufe bawul ɗin tukunya, a saki gas ɗin da ya rage a tiyo, domin matsin da ya kwana a kan robar solenoyid yana kumbura ta. Robar ita ce ke fara lalacewa a tsarin, don haka a sayo ta ajiya tun tare da kayan, a kwance solenoyid a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, a wanke filtar gas a lokaci guda.